Basir ɗin da Maharazu Bai Taɓa Yi Ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ko bai ga Maharazu Direba ba, to ya ji shi. Mutum ne da idan ya yi dariya a tashar Daura, sai awakin Sandamu sun ɗaga kai. A Sandamun aka haife shi, a can ya yi firamare har aji huɗu, sannan ya lura allon makaranta ba shi da sitiyari, ya bar musu kayansu ya bi mota. Ya yi shekara goma yana karen mota, ya yi ashirin da wani abu yana tuƙi. Motarsa a-kori-kura ce fara, ko dai a ce fara ce ranar da aka ƙera ta. Da ita yake kwaso raguna da awaki daga Kongolam ya kai Kano. Yakan rantse cewa ya taɓa loda raguna sittin a bayanta, da wani taure a gefensa yana sa masa giya. Taubasansa kuwa sun ce ragunan goma sha huɗu ne, kuma tauren ne direban.

Amma a cikin dangi ba da tuƙi ya yi suna ba. Da langa ya yi suna, kwanon nan mai murfi da jajayen furanni da aka kawo cikin kayan ɗakin matarsa Shatu. A gidansu tun kaka da kakanni, namiji a ƙofar gida yake cin tuwo tare da maƙwabta, mace kuma ta ci a tsakar gida. Maharazu tun satin farko na aure ya karya wannan doka. Sai ya dawo daga hanya, ya wanke baƙin mai, ya shige ɗakin Shatu, a sauke langa a tsakaninsu, hannu biyu a kwano ɗaya. Babu sunan da taubasai ba su kira shi ba. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ku je ku ci da masu gemu, ni da mai lalle zan ci."

A bakin langar nan yake juye mata duk abin da ya gani a hanya: ɗan sandan da rago ya tunkuya a shingen Kazaure, da dillalin da ya yi wa tsohuwar tunkiya kwalli don ta yi ƙuruciya. Ita kuma ta yi ta dariya tana cewa, "Baban Yasmin, ka ji tsoron Allah." In akwai tsoka ɗaya a miya, sai ta tura masa gabansa da yatsa, ya turo mata, ta sake turawa. Naman nan sai ya yi zirga-zirgar da ta fi ta motarsa kafin wani ya haƙura ya cinye. Haka suka yi shekara ashirin da biyu, suka haifi huɗu, har babbarsu Yasmin ta yi aure a Babban Mutum.

Sai ƙishirwa ta fara damun Maharazu. Ya sha randa guda ya nemi ƙari. Tsakanin Daura da Kano sai ya tsaya fitsari sau bakwai, har ragunan suka san wuraren. Asibiti suka ce ciwon suga ne, suka hana shi shayi mai kauri, suka ba shi ƙwayoyi. Wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne, bayan shekara biyu ciwon ya gangara ya kashe masa ƙarfin gaba.

Ya nemi magani, ba a ce bai nema ba. Masu tallar magani da lasifika a kasuwanni duk sun ci kuɗinsa. Ya sha saiwa da sassaƙen da in an haɗa su za a dasa daji. Shiru. Sai kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya haɗa ido. Ya ga ba zai iya zama gaban Shatu yana raha kamar ba abin da ya faru ba. Wata rana kawai ya ce a kai masa tuwonsa ƙofar gida. Bayan wata ɗaya ya ce zafi ya yi yawa a ɗaki, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma shagon zaure. Taubasai suka yi ta murna, wai yaro ya girma. Shatu ba ta tambaya ba. Ta wanke langa ta ɗora a saman kabad.

Shekara huɗu yana ci da masu gemu. Yana zaune a tabarmar ƙofar gida, kunnensa na cikin gida. Ya san ƙarar takalmin Shatu, ya san tarin da take yi in hayaƙin murhu ya shige mata. In ya ga abin dariya a hanya, sai ya ce a ransa, wannan na Shatu ne, ya adana. Ya iso gida, ya tsaya a zaure, ƙafarsa ta ƙi wucewa. Labarai suka taru masa a ciki har suka fi lodin raguna sittin ɗin nauyi. Wani lokaci a dogon titin Kongolam sai ya ba sitiyari labarin, ya yi muryarta ya amsa wa kansa, "Ka ji tsoron Allah."

Mutum ɗaya ya iya buɗe wa ciki, shi ma ba kai tsaye ba. Azubuike ne, mai sayar da kayan gyaran mota a bayan tasha, haifaffen Daura, wanda Hausarsa ta fi ta Maharazu tsabta. Maharazu ya je sayen fambel da hantsi, ya yi ta juya shi a hannu, sannan ya ce, "Azu, akwai wani abokina da ke da wata damuwa."

Azubuike ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Abokin nan naka, farar a-kori-kura yake tuƙawa?"

"Kai fa ɗan banza ne."

"Na ji. Zauna, mutumina. Surukina ya yi irin wannan, shi ma suga ce. A Abuja aka yi masa aiki. Wasu sanduna biyu ne na roba masu lanƙwasuwa, likita ya sa su a cikin gaban mutum, ya ɗinke. Ba a gani, ba a ji. Ni da nake sayar da safaya, ban san har ɗan Adam an yi wa tasa ba sai a kansa. Amma fa da doka. In likita ya ce hagu, kar ka ce kai direba ne."

Maharazu ya sayar da gonar gadonsa ta Sandamu, mai tsamiya biyu a bakin hanya. Ya yi wata biyu yana cin wake da ganye har sugarsa ta sauka yadda likitan Abuja yake so. Likitan ya tambaye shi ko matarsa ta sani, ya ce ta sani sarai, har ma tana gaishe shi. Aka yi aiki lafiya. Aka kafa masa doka: wurin ɗinki ya zauna a bushe da tsabta, ban da zaƙi, ban da tuƙi, ya sha magani a kan lokaci, ya dawo bayan mako biyu a duba, sannan ya yi haƙurin mako shida.

A motar dawowa ba aikin yake tunani ba. Ranar da mako shida za su cika yake gani: zai shiga tsakar gida da sallama mai ƙarfi, ya ce, "Shatu, sauko da langa." Ya yi ta maimaita maganar a ransa tun daga Zuba har Daura.

Da aka tambaye shi aikin me aka yi, sai ya kama abin da ya fi kusa, wanda kowane direba ke da shi kuma ba mai neman a nuna masa. Ya ce basir ne.

Ya manta wace ce uwarsa.

Iya, a duk faɗin Sandamu, ita ce asibitin basir. Kuma Maharazu ɗan farinta ne, don haka shekara hamsin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ko yana zaune a gabanta, sai dai ta gaya wa wani ya gaya masa, in ba kowa ta gaya wa bango. Kwana biyu da dawowarsa sai ga ta a kan babur, da ƙullin bagaruwa kamar za ta jeme fatun kasuwa duka, da gorar zuma.

Ta zauna ta dubi Shatu. "Ki gaya wa mutumin nan, safe da yamma zai zauna cikin ruwan bagaruwa mai zafi. Zuma cokali uku bayan kowane zama."

Maharazu ya ce wa ƙasa, "Likita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Kuma zaƙi..."

"Tambaye shi, likitan ne ya goya shi? Zuma kuma yaushe ta zama sukari? Zuma magani ce."

To, a nan ne fa. In zai tsira daga baho, sai ya faɗi sunan wurin da aka yi wa aiki, a gaban uwar da ko sunansa ba ta iya faɗa, kuma a gaban matar da ya ɓoye wa shekara huɗu. Ya auna wannan, ya auna baho. Ya zaɓi baho.

Ya so ya yi wayo, ya riƙa kaɗa ruwan da hannu a bayan gida. Iya ta jawo kujera ta zauna a ƙofar, ta kasa kunne. "Ki ce masa ban ji ƙarar zama ba." Dole ƙaton mutum ya zauna, ruwa ya yi ambaliya, Iya ta gyaɗa kai. Shatu ce ke dafa ruwan, ita ke ɗaukar shi, tana murna a ranta, don rabon da ta yi masa wani abu da hannunta har ta manta. Ga masu dubiya, kowa da kwalbar lemo, kowa sai ya ce ko kurɓi ɗaya a yi don albarka. Ranar komawa Abuja ta zo, Iya ta ce wa bango ba a kai basir Abuja sau biyu. Ya ɗaga tafiyar.

Wurin ya fara ja, ya kumbura, ya ɗau zafi kamar injin da ruwa ya ƙare masa. Zazzaɓi ya biyo baya. Sai ruwa mai wari ya fara fita. Maharazu ya koma sa babbar riga a cikin shago, ya yi ta fesa turare har ƙudajen zaure suka yi ƙaura. Yana kwance yana rawar sanyi, yana lissafin saura kwana nawa mako shida su cika.

Wanki ne ya tona shi. Shatu ta ɗauki wandonsa za ta tsoma a ruwa, ta tsaya. Ta juya shi baya, ta juya shi gaba. Ta bar wankin a nan, ta nufi shagon da ba ta taka ba shekara huɗu, ta shiga ba sallama, ta rufo ƙofa.

"Baban Yasmin, basir yanzu ta gaba yake fitowa?"

Ta taɓa goshinsa ta janye hannu. Ta ɗauki wayarsa ta ga sunan da ya fi kira, ta kira. Kafin azahar Azubuike ya rufe shago, ya kwantar da Maharazu a bayan motarsa, Shatu na gefe, sai Kano, yana tuƙi yana faɗa: "Na ce maka kar ka yi direba! Ruwan zafi? Ko sabon injin ka tsoma a ruwan zafi ai ya tashi aiki!"

Likitan da ya duba shi a Kano, Dakta Abbas, mutum ne marar kwana-kwana. Ya sa Shatu ta jira a waje, ya ce, "Malam Maharazu, ƙwayoyin cuta sun kama robar nan. In sun manne mata, allura ba ta kai musu. Yau za mu cire, mu wanke wurin."

"Likita, a wanke a mayar mana. Ko kafireto ana wankewa a mayar."

"Akwai wanda ake yi wa haka, in an zo da wuri. Kai ga mugunya, ga sugarka ta hau sama. In na mayar, ko na bar ta kwana biyu, ba robar kaɗai za ka rasa ba. Kana iya rasa wurin duka, kana iya rasa ranka."

Maharazu ya dubi silin. "Gonata ce a ciki, likita. Da tsamiya biyu."

"Na sani ba ƙaramin abu ba ne. Amma wa zai riƙa wanke maka ciwon in ka koma gida? Dole wani ya san gaskiya. In kira matarka in faɗa mata, ko za ka faɗa da bakinka?"

Aka shigo da Shatu, likita ya fita. Mutumin da awakin Sandamu ke jin dariyarsa, ranar sai da ta sunkuyo kafin ta ji abin da yake cewa. Ya faɗa duka, tun daga saiwoyi har gona, har maganar da ya yi ta maimaitawa daga Zuba.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Shekara huɗu."

"Kunya ce, Shatu."

"Ni na ɗauka tsufa na yi. Na canza turare ya fi sau goma. Na canza mai kitso. Har miyata na riƙa ɗanɗanawa ina cewa ko hannuna ne ya lalace." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma ka bar ni na dafa ruwan nan da hannuna. Ina ɗauka ina murna, ashe ƙona ka nake."

"Na so in dawo miki yadda kika san ni."

"Ba zan ce ban yi kewar wancan ba, ni ma mutum ce. Amma wancan Allah ne ya karɓa, da na haƙura. Kwanon kuwa kai ka ɗauke."

Aka tura shi ɗakin tiyata da la'asar. Aka cire, aka wanke, aka bar ɗan bututu yana tsiyayar da ruwa. Da ya farfaɗo ya roƙi ma'aikaciyar jinya, Gladys, ta nuna masa abin da aka ciro. Ta kawo a cikin wani ƙaramin kwano. Ya kalli sandunan nan biyu, ko tsawon biro ba su fi ba da yawa, ya ce, "Ashe gonar tawa ba ta da girma." Gladys ta yi dariya, shi bai yi ba. Kwanansa tara a gado. Dakta Abbas ya ce wurin zai warke da tabo a ciki. Bayan watanni, in suga ta zauna, ana iya gwada sa wata, amma aikin ya fi na farko wuya kuma ba ya alkawari. Maharazu ya yi godiya. Bai ce masa ba shi da wata gonar ba.

A gida Shatu ce ta tari Iya. "Iya, sun ce wannan basir ɗin na zamani ne, ba ya shiri da ruwa." Tsohuwar ta dubi surukarta, ta dubi ƙofar shago, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗaure sauran bagaruwarta, ta ce wa bango, "A ce masa Allah ya ƙara sauƙi. A ce masa ya riƙa jin maganar matarsa." Ta hau babur ta koma Sandamu.

Shatu ta riƙa wanke ciwon safe da yamma yadda aka koya mata, da safar hannu da auduga, ba ta ƙyama, ba ta kuma hira. Ta gama ta tattara kayanta ta fita. Abincinsa a faranti yake zuwa, shi kaɗai. Ya jira ta sauko da langa. Mako ɗaya, mako biyu, mako biyar. Ciwo ya rufe, ya fara takawa har masallaci, langa tana saman kabad. Sai ya gane langar ba za ta sauko da kanta ba, tunda ba da kanta ta hau ba.

Ranar wata Laraba bayan azahar ya shiga ɗakinta. Ya miƙa hannu a hankali saboda ɗinki, ya sauko da langar. Ya zaci zai tarar da ƙurar shekara huɗu har da gidan gizo. Ba ko ɗigo. Furannin na ƙyalli kamar jiya aka wanke, don kuwa jiyan aka wanke.

Ya fito tsakar gida riƙe da ita da hannu biyu, ya tsaya a bakin murhu kamar wanda aka aiko. Shatu na tuƙa faten wake, ba ta ɗago ba.

"Masu gemun sun kore ka ne?"

"Ni na kori kaina."

"Ba gishiri sosai, ba mai. Abincin marasa lafiya ne."

"A zuba."

Ta zuba. Suka shiga ɗaki, aka sauke langa a tsakani. Akwai tsoka guda a ciki, ba wanda ya taɓa ta. Suka yi loma uku, ana jin kaji a waje.

Har yau in ya biyo ta Sandamu yakan rage gudu daidai tsamiyoyin nan biyu, ya ga wani yana huɗa a ƙarƙashinsu, ya sa giya ya wuce. Abin da ya je nema Abuja bai dawo ba, wataƙila ba zai dawo ba, su biyun sun sani, kuma wani lokaci shiru yakan faɗo musu a tsakiyar hira. Amma ranar Larabar, a loma ta huɗu, Shatu ta sa yatsa ta turo tsokar gabansa, idonta na kan kwano.

"To, ina ji. A ina ka tsaya?"

Ya gyara murya. "Shekara huɗu da suka wuce, ranar wata Lahadi, na ɗauko wani taure a Kongolam. Wallahi Shatu, tauren nan da takardar shiga ƙasa ya zo, har da hotonsa..."

"Baban Yasmin," ta ce, "ka ji tsoron Allah."

Ya tura mata naman.